Farar Robar da Na Tsinta a Ƙarƙashin Tebur

Akwai wata Laraba a tsakiyar bazara da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina. Abin da na fara gani da na shiga farfajiyar makarantarmu a Tasawa da safen nan ba bencunan da aka jera wa iyaye a inuwar itacen bedi ba ne. Wata guntuwar farar roba ce, mai kaurin ɗan yatsa, kwance cikin rairayi a ƙarƙashin teburin malaminmu na kimiyyar fizik. Na tsugunna kamar mai gyara takalmi, na ɗauke ta na ƙulle a bakin hijabina. Halina ke nan tun ina ƙarama a Maijirgi: bakina ba ya buɗewa a gaban mutane, amma idona ba ya barin komai ya wuce.

Malamin namu, wanda muke kira Mushe kawai, wato malam da Faransanci, saurayi ne siriri da bai daɗe da fara aiki ba. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan ajinmu da ya shekara yana roƙon a ba shi ya mai da shi ɗakin gwaji, su kuwa shugabannin iyayen yara suna so a riƙa ajiye buhunan hatsin makaranta a ciki. Da gardamar ta yi tsawo, sai shugabansu, wani alhaji mai son raha, ya ce: "Ka ce akwai abin da ke sa ƙarfe ya tsaya a iska. To, gwada muna da idonmu, ɗaki naka ne. In ka kasa, gero ya shiga." Mushe ya amsa a gaban kowa. Ɗakin nan shi aka taru a kansa ranar.

Abin da Mushe ya dogara da shi wani ɗan baƙin faifai ne mai faɗin murfin kwalbar man shafawa, wanda wani abokin karatunsa ya aiko masa daga waje a cikin kwali, tare da ɗan mayen ƙarfe mai sheƙi. Sunan faifan na Faransanci, supraconducteur, ya fi ƙarfin bakinmu, sai muka riƙa ce masa baƙin faifai. Wajen yin sa, kamar tukunya ake gasa shi a wuta. Mushe ya zana mana cikinsa a allo: shimfiɗa-shimfiɗa ne na tagulla da oksijen, ƙanana fiye da abin da ido zai gani, an jera su bisa juna kamar tabarmin kaba a rumfar kasuwa, da wasu sinadarai a tsakaninsu. Ya ce idan faifan ya yi sanyi sosai, lantarki kan bi ta cikin shimfiɗun nan ba tare da wani abu ya tare shi ba, kuma faifan kan canza yadda yake hulɗa da mayen ƙarfe. Ni dai tabarmin ne suka zauna mini a kai, don innata saƙar kaba take yi.

Sanyin kuwa sai da ruwan azot, wata iska da aka mai da ruwa mai tsananin sanyi, kuma a duk garin mutum ɗaya Mushe ya samu mai shi: wani dattijo likitan dabbobi, wanda ke ajiye irin bijimai na barbarar shanu a cikin wata tukunyar ƙarfe mai hayaƙi. Shi da kansa ya kawo tukunyar a amalanke, ya zauna kusa da ita kamar mai gadin jariri.

"Ludayi ukku na ce, Mushe," in ji shi. "Ukku. Sauran na bijimaina ne. In irin nan ya ji ɗumi, Fulanin Gidan Amumune ba su bari na in kwana a garin ga."

Da Mushe ya yi wa taro bayani cewa masana na kiran irin wannan faifai "mai aiki a zafi", alhali sai ya kai wajen digiri ɗari da tamanin ƙasa da sifili, sai Alhaji ya ce: "In wanga ne zahinsu, Allah ya tsare mu da sanyinsu!" Aka yi dariya. Mushe ya bayyana cewa waɗanda aka fara ganowa sun fi haka bukatar sanyi nesa ba kusa ba, amma dariya ta riga ta cinye maganar.

Ya sa faifan a wani ɗan kwanon soso, ya ɗora mayen ƙarfen kai tsaye a kansa, likita ya zuba ludayi na farko. Ruwan ya tafasa, farin hayaƙi ya gangaro daga tebur yana bin ƙafafunmu. Duk muka miƙa wuya. Hayaƙin ya washe, mayen ƙarfe na nan zaune daram a kan faifai. Mushe ya kama shi da ɗan matsefi ya ja, sai ya ji kamar an riƙe shi. Bai tashi ko da kaurin gashi ba.

Aka jira sanyi ya saki faifan, Mushe ya goge raɓar da ta taru a kansa, don ya ce danshi na lalata shi. A karo na biyu ya sanyaya faifan shi kaɗai da ludayi na biyu, sannan ya sako mayen ƙarfen daga sama. Wannan karon abin ya yi kamar zai yiwu: mayen ya ɗan yi rawa a iska, sai ya zame gefe, ya faɗo, ya manne a ƙafar tebur, ƙwas! Ƴan ajinmu na baya suka fashe da dariya. Wani daga cikin iyaye ya ce a fara auna ƙofar ɗaki a ga ko buhu zai shiga a tsaye.

Ni ban yi dariya ba. Hannun Mushe nake kallo, yadda yake ɓamɓaro mayen ƙarfen daga ƙafar tebur, da gumin da ya jiƙa wuyan rigarsa. Mutumin nan bai taɓa yin gwajin ba sai a ranar, don ba shi da azot ɗin da zai gwada a ɓoye. A waya kawai ya gani.

Don in kau da idona daga kunyarsa ne na kwance bakin hijabi na duba robar da na tsinta. A fuska ɗaya akwai wani zagayayyen shati, kamar wanda gindin kofi ke bari a tire. Na ɗaga kai na dubi mayen ƙarfen a hannun Mushe: faɗinsu ɗaya. Na juya ɗaya fuskar, sai ga baƙin gari ya ɗan shafe ta, irin baƙin faifan. Gefenta kuma duk ƙananan tsaga ne, irin na abin da ya sha sanyi ba sau ɗaya ba. Sai gammo ya faɗo mini a rai, wanda ke zama tsakanin kai da tulu. Robar nan ba shara ba ce. A tsakanin su biyun take zama.

Sanin abu daban, faɗinsa daban. Babana yana benci na biyu, ya baro Maijirgi tun asuba. Direkta, shugaban makarantarmu, na tsaye, mutane sun fi ɗari, ni kuwa ko a aji in aka kira sunana da ƙyar nake amsawa. Na ji likita na cewa, "Na ƙarshe ke nan fa," ya tsoma ludayi cikin tukunya. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Mushe," na ce. Bai ji ba. Ƙawata da ke gefena ta ɗaga murya: "Mushe, tana magana!" Duk kawuna suka juyo kaina. Na taka har gaban tebur, na miƙa masa robar da hannu biyu.

"Mi ne ne wanga, ɗiyata?" in ji likita, ludayi na hayaƙi a hannunsa.

"A ƙasa na tsince ta. Ga sawun mayen ƙarfen nan, ga na faifan nan. Ina ga kamar a tsakaninsu ake sa ta."

Mushe ya juya ta sau biyu. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya dafe goshi. "Da hannuna na yar da ita, na ɗauka ta cika kwali ce," in ji shi a hankali. Sannan ya ɗaga murya: "Baba likita, dakata kaɗan!"

Ya jira sanyi ya saki faifan sarai, ya goge shi, ya ɗora robar a kansa, ya ɗora mayen ƙarfen bisa robar, daidai kan shatin. Likita ya sake cika ludayin, yana gunaguni a kan wanda ya tsere a iska, ya zuba a hankali. Da tafasar ta lafa, Mushe ya miƙo mini matsefin. "Ke kika gano ta, ke za ki zare ta."

Na kama gefen robar na janye. Mayen ƙarfen bai faɗo ba. Yana nan a inda yake, ba komai a ƙarƙashinsa sai hayaƙi. Mushe ya zura takarda ta wuce ta tsakaninsu, ya ɗan taɓa shi da bakin biro, sai ya shiga juyawa a iska kamar mazari. Alhaji ya taso ya duƙa har hularsa ta kusa faɗuwa, yana neman zare. "La ilaha illallahu," ya ce, ya sake cewa.

Yanzu muryar Mushe ta dawo. Ya ce ƙarfin mayen yana ratsa faifan ta wasu ƙananan wurare da shimfiɗun ba su jeru daidai ba, kuma a daidai lokacin da faifan ya kama sanyi, sai ya riƙe ƙarfin nan a yadda ya same shi. Da farko ya same shi a manne, ya riƙe shi a manne. Na biyu bai same shi ba sam, sai ya ture shi. Yanzu ya same shi a nesa kaɗan, a nan zai tsare shi.

"Ashe turke ne," in ji likita. "Inda ka kafa shi, nan dabba ka tsayawa."

Bayan ɗan lokaci faifan ya fara yin ɗumi, mayen ƙarfen ya sauko a hankali ya zauna. Alhaji ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa ya ce wa Direkta: "Gero ya nemi wani wuri." Ya waiwaya ya tambaya ɗiyar wa ce wannan. Babana, wanda ba mai yawan magana ba ne, daga gare shi na gado, ya ɗaga hannu kawai. Amma na ga yadda ya gyara zamansa a bencin, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya cika.

Yanzu ni ma fizik nake koyarwa a wani kwalej a yankin Mayahi, kuma na san abubuwa da yawa game da shimfiɗun tagulla da oksijen ɗin nan, har da cewa masana ba su gama fahimtar sirrinsu ba. Amma abin da ranar ta koya mini ya fi wannan sauƙi. Ashe yawan kallon da nake jin kunyarsa shi ne rabin aikin kimiyya, ɗaya rabin kuma shi ne mutum ya tashi ya faɗi abin da ya gani tun ludayin ƙarshe bai zube ba. Shi ya sa a ajina nake yawan duba ƴan matan da ke zaune shiru a baya.

Da taro ya watse a ranar, na tarar da Mushe yana goge faifan yana shirin rufe kwali. Na tsaya a gefensa har ya ɗago kai, sannan na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage mini na ce: "Mushe, don Allah ka ba ni kwalin nan in duba sauran abin da ke ciki, kada a sake yar da wani abu."