Fursunonin da Kakana Bai Kama Ba

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, na yi wata ƙarya wadda har yau in na tuna ta sai in ji kamar in ja riga in rufe fuskata. Kakana na ɗora wa ita, mutumin da ya rasu tun ina sakandare.

A unguwar Pantai Dalam nake zaune, a wani bene, hawa na tara. Ni Bazazzagi ne, kun kuwa san halinmu: in babu Bakanon da za mu tsokana, abinci ma ba ya mana daɗi. Abokin zamana Bakano ne, sai ya gama karatu ya koma gida, ya bar ni da baki cike da tsiya babu inda zan sauke ta. Shi ne na juya kan maƙwabcina, wani ɗan Somaliya mai karatun injiniya, mutum mai sanyin hali, yana zaune da matarsa da 'ya'yansa biyu. Kusan kullum da safe muna haɗuwa a mamak ɗin da ke ƙasan benenmu, shagon abincin Indiyawa Musulmi, mu sha shayi kafin mu hau bas.

Bawan Allahn nan yana son Italiya. A ƙwallo ba ya goyon bayan kowa sai su. Ranar da aka yi waje da su daga gasar duniya tun a zagayen farko, na ce yau na samu. Na ce masa ai gudu gadonsu ne, tun yaƙin duniya na biyu suke yin sa. Na ɗan karanta tarihin, don haka na zazzage masa: yadda gwamnatinsu ta kama-karya ta cika baki za ta kafa daula a Afirka, ta mamaye Habasha ta haɗa da Somaliya, amma da yaƙi ya zo aka fatattake su cikin 'yan watanni, suna ja da baya suna barin motoci da makamai a hanya. Na ƙara da cewa sojojin Najeriya na cikin waɗanda Ingila ta kai suka bi su tun daga Kenya har cikin Habasha, kuma da kakana aka je.

Duk wannan gaskiya ne. Abin da ban faɗa ba shi ne, kakana kuku ne. Girki yake wa wani hafsan Bature, kuma na san haka tun ina yaro. In aka tambaye shi labarin yaƙi sai ya ce akwai rana, akwai ƙishirwa, ya ja bakinsa ya yi shiru.

To amma da kuku ba a cin gardama a teburin shayi, sai na ba shi bindiga. Na ce shi kaɗai ya kama sojojin Italiya uku a bakin wani kogi. Mako na gaba suka zama biyar, kafin wata ya ƙare sun kai bakwai. Da yake na san yawancin sojojin da Italiya ta sa a gaba a can 'yan Afirka ne, sai na raɗa wa maƙwabcina suna. “Fursunan kakana, miƙo min sukari.” Da Bakano ne, sai ya rama min ninki biyu mu tashi muna dariya. Shi kuwa murmushi kawai zai yi ya turo sukarin, ni kuma na ɗauka ya karɓi wasan.

Har ado na yi wa labarin. Na ce cikin bakwai ɗin akwai wani dogo da ya roƙi a kwance masa hannu ya yi la'asar, kakana ya kwance shi, ya ba shi ruwan alwala daga gorarsa. Wannan wurin ya fi burge ni, don ya haɗa wa kakana jarumta da tausayi lokaci guda.

Ana nan sai mahaifiyar maƙwabcin nawa ta zo daga Somaliya a yi mata aikin yanar ido. Na shiga gaishe ta. Tsohuwa ce 'yar siririya, ta haura saba'in, ido ɗaya a rufe da auduga. Ba ta jin Turanci, ɗanta ne ke fassara. Bayan mun gaisa ta yi wata doguwar magana, sai na ga ya sunkuyar da kai kafin ya buɗe baki. Ashe matarsa ta ba tsohuwar labarina don ta ɗebe mata kewa.

“Ta ce kai ne wanda kakanka ya kama mutane a bakin kogi?”

Na ce ni ne, har da gyara zama.

Sai ta ba ni nata labarin. Mahaifiyarta na ɗauke da cikinta Italiyawa suka ɗauki mahaifinta soja. Labarinsa na ƙarshe da ya iso gida shi ne rundunarsu na bakin kogin Juba lokacin da hafsoshinsu suka shiga mota suka bar su. Wasu suka ce an kashe shi, wasu suka ce an kama shi an kai shi Kenya. Babu gawa, babu kabari. Mahaifiyarta ta mutu ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba.

“Ta ce an gaya mata babanta dogo ne, kuma ba ya wasa da sallah,” in ji maƙwabcina, idonsa na kan tabarma. “Tana tambaya, kakanka ya faɗi inda aka kai su? Ya riƙe sunan mutumin?”

A nan ya kamata in faɗi gaskiya. Na kalli idonta ɗaya da ke buɗe, na kasa. Na ce, “Mama, zan tambayi gida.”

Kwana tara na yi ina ɓuya. Na daina zuwa mamak, na koma saukowa ta matakala tun daga hawa na tara don kada mu haɗu a lif. Kullum da yamma in na dawo sai in tarar da filas a bakin ƙofata, shayi mai citta da kanumfari, ita ta sa a ajiye min.  Wautata ta kai har na kira gwaggona a Zariya, wai ko Allah zai sa ƙaryar ta zama gaskiya. Da na tambaye ta sai da ta yi dariya har da tari.

“Baba? Bindiga? Kai ɗan nan, wuƙar yanka albasa ce makaminsa. Karatun ne ya fara taɓa ka?”

A rana ta tara maƙwabcina ya ritsa ni a tashar bas. Ya ce, “Ɗan'uwa, jibi Mama za ta koma gida.” Na ja shi gefe na gaya masa komai, ina magana ina kallon takalmina.

“Na sani,” ya ce. “Tun da suka tashi daga uku zuwa biyar na sani.”

Na ce to me ya hana shi gaya mata?

“Na gaya mata. Ta ce ni yaro ne. Ta ce me zai sa Musulmi mai ilimi ya yi wa kakansa da ya rasu ƙarya? Har ta kira yayanta a gida, ya haura tamanin, shi yana tuna fuskar babansu. Ta ce masa ya yi haƙuri, labari na nan tafe.”

Na nemi hanyar zillewa. Na ce ko in ce mata mutanen gida sun manta? Ya girgiza kai. Ya ce in na ce an manta, za ta ci gaba da jira ko wani zai tuna. “Kai za ka gaya mata da bakinka, ni zan fassara.”

Bayan la'asar na shiga. Na zauna a ƙasa gabanta na ce babu kogi, babu mutum bakwai, babu dogon da ya yi sallah, duk ni na ƙirƙira don in tsokani ɗanta. Na ce kakana girki ya yi wa Bature har yaƙin ya ƙare. Ɗanta ya fassara, kuma daga tsawon maganarsa na gane bai rage komai ba.

 Can ta yi tambaya a hankali.

“Ta ce, tunda kuku ne, ko ya taɓa dafa wa fursunoni?”

Allah ya sani na so in ce e. Na ce, “Ban sani ba, Mama.”

Ta gyaɗa kai ta yi magana, ɗanta ya maimaita min: “Ta ce wannan ban sani ba ɗin tun tana yarinya take jin sa. Amma kowa nan take yake faɗa mata. Kai ne na farko da ka sa ta jira shi kwana tara.”

Daga nan ta ce a ba ta waya. Na yunƙura zan tashi, maƙwabcina ya dafa gwiwata, dole na zauna. Ba na jin yarensu, amma na ji tsohon yayan nata ya ɗauka da sauri, na ji ya yi tambaya, sannan na ji ta ba shi amsa.

Da zan fita ta sa min albarka. Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi.

Ni da maƙwabcina muna zumunci har yau, shi ne ma ya sanar da ni rasuwarta bayan wasu shekaru. Abin da ke damuna shi ne, na karanta tarihin yaƙin nan ina dariyar yadda Italiyawa suka arce, ban taɓa tambayar kaina su wa suka bari a baya ba. Tsokanar da muke yi a gida tana daɗi ne saboda kowa ya san babu ciwo a wurin da ake taɓawa, ni kuwa na ɗauke ta na kai wa mutanen da ban san ciwonsu ba. Kakana da ya je ya gani da idonsa shiru ya yi, ni da ban je ba na buɗe baki a madadinsa.

Da na dawo Zariya na je maƙabarta in yi masa addu'a, ko na rage nauyin da ke raina. Na yi ta zagaye ban gane kabarinsa ba, duk sun baje sun zama ɗaya. Na tsaya a tsakiya na ɗaga hannu, don na san dai yana cikin wurin. Ita tsohuwar ko wannan ba ta samu ba.