Saƙon da bai iya gaisuwa ba

Shekarar da Kawu ya sa manhajar tafiyar da kamfani a bironmu, wato ofishinmu na unguwar Ladjifarani a Parakou, ni aka ɗora wa ita, tunda ni ce na yi karatun kwamfuta. Sufuri muke yi, kamiyoyinmu, manyan motocin kaya, na ɗauko doya daga ƙauyukan Djougou zuwa Parakou.

Manhajar tana da kasuwa a cikinta, inda maƙera na waje suke baza ƙananan ƙari, ka zaɓa ka liƙa wa taka. Kawu ya hango wani da ke aika wa abokan ciniki saƙo da kansa, ya ce a sa. Saƙon kuwa ga shi: "Mota za ta zo gobe. A shirya kaya." Shi ke nan fa. Ba sallama, ba ina kwana.

Akwai wani tsoho a Kolokondé, babban dillalin doya, tun zamanin kakana yake ba mu lodi. Rabin aikinmu daga hannunsa yake fitowa. Saƙon nan na isa gare shi, direbanmu ya dawo da mota wayam.

Na hau mota na je da kaina. Ya bar ni na gama gaisuwa tsaf, sannan ya ce, "'Yata, kakanki har lafiyar awakina yake tambaya kafin ya ambaci mota. Yau ni ake ba umarni kamar ɗan dako? Ku riƙe motarku."

Wallahi kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya. Kawu ya ce a tumɓuke manhajar gaba ɗaya a huta. Na ce, "Kawu, ba a fasa tukunya don miya ta yi gishiri. Ka ba ni lokaci."

Na karaɗe kasuwar nan kaf. Kowane ƙari da sauri yake taƙama. Na ga wani mai manna "barka" a kan saƙo, na yi tsaki. Tsohon nan zai gane gaisuwar inji tun daga nesa. Sai na zauna na ƙera nawa. Aikinsa ɗaya: ya riƙe saƙo, ya hana shi fita, sai mutum ya ɗaga waya ya gaisa da mai kaya tukuna.

To, manhajar ba ta karɓar ƙari sai wanda ya bi ta kasuwarta. Na miƙa. Masu tantancewa suka mayar mini, wai yana jinkirta aiki ba dalili. Ba dalili! Na rubuta musu cewa a wajenmu jinkirin nan shi ne aikin. Suka sake mayarwa, wai in sa maɓallin tsallake gaisuwar. Na ƙi, don na san Kawu, ranar da yake sauri shi zai fara dannawa. Ga sabuwar doya ta kusa, ga motocin wasu sun fara zarya a ƙofar tsohon. Na ci gaba da rubuta musu, ina bayani kamar mai koya wa yaro alwala, har suka gaji suka karɓa.

Da safe manhajar ta tsayar da saƙon Kolokondé. Na miƙa wa Kawu waya. Ya harare ni, ya kira. Ya tambayi gida, ya tambayi ƙafar da ke damun tsohon, da ruwan bana, har da awaki. Ni ina gefe ina saurare. Ba wanda ya ambaci doya.

Can na ji muryar tsohon ta cikin wayar: "Injin naku ne ya ce ka kira ni?"

Kawu ya ce, "Shi ne, Baba."

"To, ya fi ka tarbiyya. Turo motar."