Shingen Lambun Mama

Damina biyu a jere awakin maƙwabta suna cinye wa Mama lambu a Gonin Gora. Iyayena ɗaki biyu suka gina a filinsu bayan an rufe masaƙar da Baba yake aiki, sauran filin kuma Mama ta mayar da shi gona: alayyafo, kuɓewa, yakuwa, gauta. Da ganye ya fara kyau sai awaki su shigo kamar an aika musu takardar gayyata. Wata Asabar na je daga Barnawa, inda nake koyar da lissafi a sakandare, na tarar da ita zaune a kan turmi, fartanya a yashe.

"Bana in ba shinge, ƙauye zan koma," in ji ta. "Ban iya zama ina kallon bango ba."

Mama ba ta barazana, abin da ta faɗa shi take yi. Baba ya sani, ni ma na sani, kuma ban ga yadda Baba zai yi shi kaɗai a gidan nan ba. Da kwasar adashensa ta zo, ko takalmi bai saya ba, ya ce duka na shinge ne.

Magini ya zo ya duba. Ya ce gefen da ke kallon hanya sai bulo, domin masu Keke Napep suna gogar duk abin da aka kafa a wurin, waya ba za ta yi wata biyu ba. Sauran gefe uku waya ta isa. Ya ce kuɗin ƙafa ɗaya ta bulo zai sayi waya ƙafa uku, kuma abin da ke hannun Baba, in waya zalla ce, zai kai ƙafa ɗari biyu da arba'in. Filin kam akwai shi har ya yi yawa. Kuɗin ne ke da iyaka.

Baba bai ɓata lokaci ba. Ya ce a yi shi daidai wa daida, ƙafa arba'in kowane gefe.

"Shekara ashirin ina auna yadi," ya ce. "Fili mai gefe huɗu daidai ya fi kowane cin kaya. Ko ba haka kuke koya wa yara ba, Ticha?"

Haka muke koya musu, amma in duk gefe huɗun kuɗinsu ɗaya ne. Ni kuwa daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Shekara nawa ina rubuta irin wannan tambaya a allo, ta manomin da ba shi da suna da gonar da babu ita, yau ga ta a tsakar gidanmu. Na jawo wata tsohuwar kalandar coci na juya bayanta.

Na kira faɗin gefen hanya x. Kowace ƙafa da aka ƙara masa tana cin kuɗin waya ƙafa huɗu: uku na bulo a gaba, ɗaya na waya a baya. Abin da ya rage sai a raba wa dogayen gefe biyu, tsawon kowanne ya zama 120 − 2x. Girman lambun ke nan x(120 − 2x), abu ɗaya kawai za ka zaɓa, sauran su biyo baya. Na sa arba'in ɗin Baba, ya ba da dubu ɗaya da ɗari shida. Na sa talatin, tsawo ya zama sittin, girma dubu ɗaya da ɗari takwas. Babu lambar da ta wuce nan.

Baba ya sa tabarau ya bi layin da yatsa har sau biyu. Sai ya kalli magini ya ce, "Ka ga inda kuɗin makaranta ya tafi?" Na ji kaina ya kumbura, har na fara yi wa magini bayanin da bai tambaya ba.

Duk wannan Mama tana gefe tana gyaran wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Talatin bai yi ba. A sa talatin da uku."

Na ce, "Mama, talatin shi ne ƙarshe. Ko ƙafa ɗaya kika ƙara, lambun raguwa zai yi."

"Na ji. A sa talatin da uku."

Raina ya ɓaci, kuma ina da saurin fushi, gadon Baba ne. Na ce kuɗin ba ya da yawa, na samo mata hanyar da ko taku ɗaya ba za a yi asara ba, ita kuma tana son a zubar. Na naɗe kalandata na hau mota na koma Barnawa ko abinci ban tsaya ci ba. Sati guda ban kira ta ba. Baba ya hana magini fara aiki, ya ce ba ya shiga tsakanin ticha da uwar ticha. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma, ga Mama, in ji Baba a waya, ta sauko da jakarta daga kan kwaba ta kakkaɓe.

Asabar ta gaba na koma da sassafe. Na same ta a filin tana takawa daga wannan gefe zuwa wancan, tana ƙirge a baki. Sai a lokacin na yi tambayar da ya kamata in fara da ita.

"Mama, me ya sa talatin da uku?"

Ta ce kunyoyinta daga bakin hanya suke tashi su miƙe zuwa baya, don ruwa ya bi kwari ya wuce. Kowace kunya da kwarinta ƙafa uku take ci. Talatin kunya goma ke nan.

"To goma ba ta isa ba?"

"Goma ta gida ce. Ta sha ɗaya ba tamu ba ce."

Haka kakata take noma a ƙauye, haka Mama ma take yi tun tana budurwa. Kunyar ƙarshe ba a cin ta a gida. Abin da ta ba da na wanda ya rasa abin miya ne, saura kuma a kai coci ranar godiyar girbi. Na girma ina ganin mata suna shigowa su tsinki ganye a gefe guda ba tare da sun tambaya ba, ban taɓa tunanin dalili ba. Na ce ai za ta iya ware ɗaya cikin goman. Ta ce abin da aka cire daga na gida, ranar da gida ya matsu hannu zai koma kansa.

Na tsuguna na ɗauki tsinke na yi lissafin a ƙasa. Faɗi talatin da uku, tsawo hamsin da huɗu, girma dubu ɗaya da ɗari bakwai da tamanin da biyu. Na sake yi don ban yarda ba. Bambancin goma sha takwas ne kacal, wato ɗan fili mai ƙafa uku a faɗi, shida a tsawo. Na sha faɗa wa ɗalibai cewa kusa da ƙololuwa lissafin nan ba ya saurin sauka, amma ban taɓa jin abin a jikina ba sai ranar.

"Nawa na zubar?" in ji Mama.

"Kamar shimfiɗar tabarma ɗaya."

Ta dube ni, ta dubi Baba da ya fito da kofin shayi, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ƙugu. "A kan tabarma ɗaya kika ƙi cin tuwona?"

Ran Litinin magini ya ja igiya a talatin da uku. Kuɗin ya kai cif, bai yi saura ba, bai gaza ba. Da ruwan farko ya sauka na je taya ta. Ta yi kunya goma da hannunta, ba ta bari kowa ya taɓa ba, awaki suna leƙe ta cikin waya. Da ta zo gefen ƙarshe sai ta miƙe ta share gumi, ta miƙo mini fartanya.

"Zo ki koya," ta ce. "Ni ba kullum zan kasance nan ba."