Littafinka Yana Hannuna, Is'haƙa

Ranar Talata, 6 ga Mayun 2025, bayan la'asar aka bugo mini waya daga garin Isa cewa Allah ya karɓi ran Dakta Is'haƙa Na'Allah. Daga gare shi muke, can za mu koma.

Is'haƙa, benci ɗaya muka zauna tun firamare, kuma ni ke zuwa na ɗaya. A jami'a aka ba mu alƙaluman zafin iskar can sama, kilomita ɗari uku daga ƙasa, inda ake da ƙwayoyi masu cajin lantarki da marasa shi. Rana na faɗuwa, masu cajin sukan huce har su daidaita da sauran. Sai muka ga wajen tsakar dare zafin ya ɗan sake tashi. Na goge wurin a takardata, na ce kuskuren na'ura ne, don duk wanda ya kwana a filin Gobir ya san sanyi ƙaruwa yake har asuba. Kai ka bar naka. A kansa ka zama dakta, ni kuwa shekara ashirin ina riƙe da alli a Sabon Birni.

Na yi maka hassada, ba zan ɓoye ba. Kowace salla sai ka zo gidana ka zauna a tabarma, ka ce wa 'ya'yana ubansu ne ya koya maka lissafi. Wannan kirkin ma haushi yake ba ni.

Bara ka aiko mini da littafin da ka rubuta da Hausa don ɗaliban yankinmu, ka ce ba za ka buga ba sai na duba. Kwana biyu na karance shi. Na nemi kuskure ko ɗaya na rasa, sai na jefa shi a akwati.

"Fatihu, mi ka gani?" ka tambaye ni a waya.

"Ina dai dubawa, za ni kira ka," na ce. Wata bakwai kana jira.

A wurin jana'iza liman ya ce a yafe maka. Na ce na yafe, kunya ta kama ni.

Littafin ba shi da kuskure, Is'haƙa. Gobe zan miƙa wa Malama Habi, matarka, da hannuna.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya ba ta haƙuri ita da ɗanku Talha da ƙannensa. Ni kuma Allah ya yafe mini, tunda kai ban samu na roƙe ka ba.