Ramin da Anka Aje Mani a Bayan Rara

Bari in faɗi wautata da bakina tun wani bai riga ni ba. Shekaru da dama da sunka wuce, wurin wani suna a Goronyo, nig ga ana miƙa wa malamai cinyar rago, mu masunta ana turo muna hanji. Sai nic ce, "Ku kuwa kun san ni jinin Malam Mai Kurna ne?" Wato waliyyin nan da kabarinai ke bayan Rara, wanda ban san komi nashi ba sai suna. Ubana Sanda ne, wannan gaskiya ce, amma baƙo yaz zo Kagara da taru a kafaɗa, har ya rasu bai gaya muna sunan nashi uban ba. Da anka nemi salsala sai nid ɗauko suna daga iska: Sanda ɗan Haliru, Haliru ɗan Malam. Tun ranar ban ƙara cin hanji ba. Karatuna bai kai izu biyu ba, amma har mata ke kawo mani yara in yi masu tofi.

Bana, da anka gama yankan gero, maƙwabtana biyu, mahauci da ladanin unguwarmu, sunka ce in kai su ziyara wurin kakana. Na yi ciwon ƙafa na kwana uku. Sunka zo da jaki.

Mun tashi da asuba daga Kagara, raɓa na jiƙa muna wando. Gulbi bai gama janyewa ba, sai da masu fito sunka ƙetare da mu kan manyan goruna, jakin na iyo yana hararata. Ni gajere ne ƙwarai, da munka sauka kusa da gaɓa, ruwan da ke kai wa mahauci ƙugu ni wuya yake kai mani, ya kuwa yi ta dariya har tsallake.

Wurno munka kwana. Gari ya cika, fadama shar da shinkafa, albasa kamar a ba ka kyauta, amma goro ɗaya sai ka zube kuɗin da zai sai maka fura ta yini biyu. Ladan ya riƙa gaya wa kowa ko ni wane ne, har wata mai nono ta ƙi karɓar kuɗina, tac ce in dai sa mata albarka. Na sa mata. A Rabah munka ci tuwo da miyar busasshen kifi, wanda ni da kaina ba zan sayar da irinai ba. Daga Rara anka nuna muna wata 'yar hanya cikin karan dawa, anka ce mu bi ta har mu ga kurna.

Rana na tsaka munka isa. Gida biyar ne, ko shida. Abin da nif fara lura da shi, babu kuka: ba na kaza, ba na akuya, ba na tsuntsu, ga kuwa kurna ta yi 'ya'ya jawur sun zube ba wanda yat taɓa. Jakin ya toge, ya ƙi gaba. Babu abin da kake ji sai tsintsiya, shar, shar, daga bayan wani danni, wato shingen kara.

Mai sharar wata tsohuwa ce, idanunta sun yi fari fat. Ita ke tsaron wurin, jikar Malam ce ta wajen ɗiya mace. Al'adarsu, duk wanda yac ce shi dangi ne, sai ya tsaya bakin danni ya ja salsalarshi da ƙarfi kafin ya shiga. Mahauci ya tura ni gaba. Nic ce, "Ɗan Sanda, ɗan Haliru..."

Tsintsiya ta tsaya.

Tac ce, "Mi kac ce? Maimaita."

Na maimaita. Ba ta ɗaga murya ba, amma sai ga tsofaffi suna fitowa daga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, sunka zagaye ni, ba wanda yay yi sallama.

Nan taz zaunar da mu tab ba mu labarin Malam. Daga arewa yaz zo da allo da buta, ya haƙa rijiya da hannunai, an ba shi alƙalanci ya ƙi. Ɗiya maza uku ya haifa. Biyu agana ta kwashe su cikin damina guda. Ƙaramin, yana ɗan shekara bakwai, mahara sunka ɗauke shi a bakin rijiya. Tun ranar Malam ya hana a ambaci sunan yaron har sai jininai ya dawo ya faɗe shi da kanshi, don haka ko mutanen Rara da Ɓatacce sunka san shi.

Tac ce, "Ni kaɗai ta rage da sunan ga, uwata ta raɗa mani shi tana gargara. Haliru."

Sunka shigar da mu. Ga kabarin Malam, an jera mai duwatsu. Kusa da shi, ga wani rami a buɗe, bakinai sumul, an share shi tas, babu ko ganye ɗaya a ciki. Malam da kanshi ya auna shi kafin ya rasu, yac ce na wanda zai dawo ne, duk shekara bayan ruwa su gyara shi. Wani tsoho ya miƙa hannu cikin rufin wata rumfa ya zaro kara, ya yi baƙi don daɗewa, irin wanda ake gwada gawa da shi, da shi kuwa Malam ya auna ramin. Ya kafa shi gefena. Ladan yac ce, "La'ilaha illallahu." Kan karan da kaina daidai suke, ko yatsa bai shiga tsakani.

Tsohuwa tac ce, "Ga ɗakinka can, Baba, ga gona. Ka zo gida ke nan."

Jama'a, cinyar rago ba ta kai nan ba. Na cire hula, gaban mahauci, gaban ladan, nic ce, "Inna, wallahi ƙarya nike yi. Ni masunci ne. Sunan ga ƙirƙira shi niy yi don a ba ni nama."

Na zaci za su kore ni da sanda, da na fi so. Ba wanda fuskarshi ta sauya. Tsohon ya mayar da karan wurinai a hankali. Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta, kafin mu kai ga jaki na ji ta ci gaba, shar, shar.

Ba mu tsaya Rara ba, ba mu tsaya Rabah ba. Ciwon ƙafata ya warke, ni ke gaba jaki na baya. Kwana biyu mahauci bai yi mani dariya ba, ko da munka ƙetare gulbi.

Abin da tafiyar ga ta koya mani kaɗan ne. Kada mutum ya ari kakan wani, don bai san abin da kakan ya aje wa jikanai ba. Na daina tofi, na koma layin masunta, hanji kuwa da ɗan yaji ba laifi. Sai dai akwai abin da ke hana ni sakewa in ina gyaran taru: ubana ma gajere ne, kuma bai taɓa yarda a dasa kurna a gidanmu ba.

Ranar da munka iso Kagara, muna bakin ƙofar gidana, ladan, wanda shi ke wankan gawa a unguwarmu, ya riƙe mani hannu bai saki ba. Yac ce, "To, ɗan Sanda, ka gaya mani tun kana iya magana. In ranar ta zo, nan za mu sa ka, ko can?"