Saƙon da Ban Ji Ba a Maigatari

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar abokina Malam Habu mai gyaran rediyo a Gumel, kuma har yau akwai wata Alhamis da ta ƙi barin raina ya kwanta.

A shekarun saba'in ne. Ƙarfe huɗu na yamma, ni kaɗai ina zaune gindin wata tsamiya a bayan kasuwar Maigatari, da akwatin sauraro a cinyata. Habu yana Gumel da na'urar aika saƙo da ya shekara biyu yana haɗawa cikin gwangwanin alewa, da kayan matattun rediyo da batirin mota. Ba ta ɗaukar murya, sai ƙara dogo da gajere, wato haruffan Mos, waɗanda yake bugawa da guntun ruwan zarto. Eriyarta doguwar waya ce da ya ɗaura a reshen gawo bayan gidansa. Mun shirya zai yi ta aiko haruffan sunansa, ni kuma in saurara.

Na yi awa guda, ban ji komai ba sai shuuu. A motar komawa Gumel na yi ta tuna yadda masu zama a rumfarsa ke tsokanarsa: “Injiniya, yau aljanun sun amsa?” Sai na yanke shawara.

“Na ji ka tangaram,” na ce masa da na isa.

Ya ɗan jima yana kallona. “Tangaram, Malam Sani? To, madalla.”

Na yi shekaru ina aikin labarai a gidan rediyo, ina koya wa sababbin ma'aikata kada su faɗi abin da ba su tabbatar ba. Wannan kuwa na ɗauke shi alheri ne na yi wa aboki. Sai ranar sadakar bakwai ɗinsa matarsa, Hajiya Ladi, ta ce mini, “Ai ran nan da ya tura ka Maigatari bai aika komai ba. Da azahar wani makiyayi ya sassare rassan gawon ya ba shanunsa, wayar ta faɗi ta tsinke.”

Ashe ya sani tun daga ranar. Mun ci gaba da zama rumfa ɗaya, muna cin tuwo kwano ɗaya, bai taɓa tayar da maganar ba.

Yanzu kowa da waya a aljihu, saƙo na zagaye garuruwan Gagarawa da Sule Tankarkar kafin a san wa ya ƙirƙire shi. Ina jin da Habu na nan, ba saurin zai duba ba. Tambaya zai yi ko mai cewa ya ji, ya ji ɗin. Abin da ya bar mini ke nan, kuma ban san ko yafe mini ya yi ko rufa mini asiri kawai.

Wata biyu bayan waccan Alhamis ya sake ɗaura wayar, ya tura wani malamin makaranta garin Ɗanzomo ya saurara, aka ji shi. Ni bai ƙara tura ni ba.