Maganar Gefe ta Malam Umaru

Duk wanda ya san Malam Umaru ya san hannun nan nashi. Kuna cikin hira lafiya lau, sai ka ga ya karkace wuya, ya kai tafin hannu gefen baki kamar mai kare ashana daga iska, ya dubi bango ko akuyar da ke wucewa, ya faɗi abin da ke ranshi da muryar da za a jiyo daga bakin ruwa. In ka zabura ka ce, "Malam, mi ka ce?" sai ya juyo da fuska a sake, ya ce, "Ba ka ji ba. Ƙa'ida ce."

Wai haka ake yi a wasan kwaikwayon Turawan Ingila da yake koyarwa a sakandare. Ɗan wasa ya juya gefe ya yi magana, 'yan kallo su ji, waɗanda ke tsaye tare da shi su yi kamar kurame. Asaid Turawa ke ce mata. Shi ya raɗa mata maganar gefe, mutanen Yelwa kuwa sunka raɗa mashi Malam Gefe.

Ni Kulu, ɗiyar kawunshi, taubashiyarshi, ni na fi kowa shan wuyar wannan ƙa'ida, don haka ni ke da ikon zaginshi, ba wani ba. Shi ya sa raina ya ɓaci ranar sadakar bakwai, da na ji wani ƙato, baki cike da gumba, yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam, ya dai sha fama da ɗan taɓi." Taɓi? Wa ke da taɓin? Ku tsoffin ɗalibanshi da kunka taru yau, ku gyara zama. Shekarar da anka ba mu Jihar Kebbi, malamai da yawa sunka koma Sakkwato, anka fara raɗe-raɗin za a rufe ajin Litirecha, wato adabin Turanci, tunda shi kaɗai ya rage mai koyarwa. Abu ɗaya mutumin ga ya sa gaba: kada a rufe ajin nan kafin yaranshi su zauna jarabawa. Ɗiyata Balki tana cikinsu, kuma tun tana 'yar mitsitsiya ba ta da buri sai ta zama malama.

Ban ce ba shi da ban haushi ba fa. Kai, yana da shi, kwando-kwando! Wata ranar kasuwa wani ɗan kasuwa daga Anacha ya tsaya gaban kifina na banda, mun daidaita, har ya sa a fara ɗaurewa. Sai ga Malam ya biyo da kekenshi. Ya gaishe ni, ya ɗauki tarwaɗa ɗaya ya shinshina, ya karkace wuya.

"Na Hajiyar can gaba ya fi wannan bushewa."

Kafin in buɗe baki baƙon nan ya yi gaba. Na rarumo itacen hura wuta.

"Umaru! Ka kashe mini ciniki!"

"Kulu, ba ki ji ba. Ƙa'ida ce."

"To shi wancan da ya tafi fa?"

"Shi ɗan kallo ne. Yana da ikon ji."

Wallahi da ba don mata sun riƙe ni ba, da a ranar za a rufe ajin Litirecha ba sai an jira kowa ba.

Sai kuma maganar mutumin nashi. Baturen da ya rubuta wasan, Malam ba ya kiran sunanshi a gida, sai dai "mutumina". Ya san ƙauyen da anka haife shi, ya san sana'o'in da ya gwada sunka ƙi, ya san irin rigar da yake so. Cewa yake yaro ba zai gane wasa ba sai ya san wanda ya rubuta shi kamar yadda ya san maƙwabcinshi. Ran nan ya dawo daga makaranta jiki a mace, ya ƙi taɓa tuwo. Goggo, mahaifiyarshi, ta tambaye shi lafiya.

"Inna, yau munka kai wurin rasuwar mutumina. Mutumin da ya sa gari duka dariya, ya tafi ba shi da komi."

Goggo ta saki salati. Washegari da safe ta aiko a kira ni, ta sa munka jiƙa gero, munka daka gumba. Mata sunka cika tsakar gida, wasu har daga Shanga tunda ranar kasuwa ce, kowa na cewa, "Ashe Malam an yi rashi? Ya haƙuri?" Malam ya shigo ya tarar da tabarmi. Wata tsohuwa ta tambaye shi yaushe anka yi jana'iza, ko an bar 'ya'ya.

"Ai Iya, tun ba a haifi kakan kakanki ba ya rasu. A Ingila."

Na ce yau Goggo za ta fasa mashi kai da taɓarya. Shi kuwa ko a jikinshi. Ya zauna, ya ja ƙwaryar gumba gabanshi, ya juya gefe ya ce, "Gara da anka yi. Can garinsu ba wanda ya daka mashi."

Kalmomin littafin nan kuwa, na tsohon Turanci ne da ko Turawan yanzu sun bari. Malam ba ya yarda ya faɗi ma'ana da baki kawai. In kalma ta zo, sai ya nemo abin ya ajiye gaban yara. Da sunka kai kan hular gashin ƙarya da manyan Ingila ke sawa, Balki ta ce ita ba ta gane ba, yaya namiji mai hankali zai ɗora gashin wani bisa kanshi? Malam ya zo gidana ya yanki tsohuwar komar mijina ta kamun kifi, ya sayo auduga, ya zauna ya ɗinka abin da hannunshi. Ya ɗora a ka, ya hau keke, ya ratsa tsakiyar kasuwa da ita. Koma ce fa ta shekara da shekaru. Ƙudajen Yelwa kaf sunka raka shi har ƙofar aji. Ku da kunka zauna ajin, akwai wanda ya manta wannan kalma har yau? To.

Yanzu ga inda nike son mai gumba a baki ya buɗe kunne.

Anka aiko sufeto daga Birnin Kebbi ya duba ko a bar darasin ko a soke. Malam ya ce yaranshi za su yi wasan a gaban baƙo, ya gayyaci iyaye. Na rufe rumfa na tafi. A ƙarƙashin darbejiya anka yi, da zannuwan gado a matsayin labule. Balki ta fito a uwar gida mai faɗa, kowa ya ce ba ta da nisan ɗauko hali. Yaran nan, 'ya'yan masunta da 'ya'yan manoma na kan tudu, sunka riƙa zuba Turanci, mu da ba mu ji muna ta dariya, don Malam ya riga ya gaya mana wa ke ɓoye wa wa mi. Wannan ma yana da suna, in ji shi, in ɗan kallo ya san abin da ɗan wasa bai sani ba.

Da anka gama, firinsifal na wancan lokacin ya miƙe. Ba zan kira sunanshi ba, ya san kanshi. Ya gyara babbar riga ya ce wa sufeto, "Ranka ya daɗe, ka ga dai wasa ne. Yara ba su son darasin, tilasta su ake yi. Ɗakin ajin ma ana bukatarshi don kayan makaranta."

Na dubi Balki, na ga idonta ya cika. Na dubi Malam. Yana tsaye da hular audugarshi, ƙudaje na kewaya shi. Sai na ga wuyan nan ya fara karkacewa. Na ce a raina, Umaru rufa mana asiri. Ina! Hannu ya riga ya kai baki.

"Ƙarya yake yi. Shinkafarshi ta fadama yake son zubawa a ɗakin. Buhunan na nan bayan ofis an rufe da tamfol."

Firinsifal ya yi wuƙi-wuƙi.

"Malam Umaru! Mi ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ba ka ji ba. Ƙa'ida ce."

Sufeto ya dubi firinsifal. Ya tashi ya zagaya bayan ofis shi kaɗai, ya dawo yana kakkaɓe ƙaiƙayi daga hannun riga. Ya ce aji zai tsaya, yara za su zauna jarabawa.

Kuna tsammani anka gode mashi? Wata bai ƙare ba anka tura shi wata 'yar makaranta can cikin ƙasar Ngaski, inda sai an shiga jirgin ruwa, inda ba a ma koyar da darasin. Mutumin da ya tsufa a cikin aji! Ba wanda ya tsaya mashi. Iyayen da sunka yi dariya ƙarƙashin darbejiya duk sunka zama 'yan wasa, kowa ya yi kamar bai ji ba. Abin ga har gobe yana ci mini rai. Shi kuwa kowace Asabar sai ya biyo jirgin 'yan kasuwa, littafi a cikin leda don kada ya jiƙe, ya tara yaran a zauren gidana har sunka zauna jarabawar. Balki ga ta nan zaune cikinku, 'ya'yanku take koyarwa. Wannan shi ne mai taɓin.

Da ciwo ya kwantar da shi na kai mashi romon kifi. Na same shi ya rame, na hau shi da faɗa kamar kullum, don mi ya ƙi zuwa asibiti da wuri, don mi bai jin magana. Ya bar ni na gama. Sai ya juya fuska wajen bango, ya ɗaga hannun nan da ƙyar.

"Matar ga baki gare ta kamar reza, amma duk duniya ba ni da 'yar'uwa kamarta. Kuma tsoro nike ji."

Na yunƙura zan yi magana. Ya juyo ya dube ni.

"Kulu."

Na gane. Shekara da shekaru ina yaƙi da ƙa'idar nan, sai ranar na bi ta. Na ɗauki cokali na ce, "Buɗe baki, romon ga zai huce."

Ya taɓa gaya wa Balki a zaurena cewa komedi shi ne wasan da ko an sha wuya a tsakiya, ƙarshe ya yi kyau. To bari ni ma in juya gefe, ku yi kamar ba ku ji ba, akwai Mai ji. Ya Allah, ga Umaru nan ya zo maka da tsoronshi. Ka amintar da shi, ka yafe mashi, ka haskaka kabarinshi, ka sa nashi ƙarshen ya yi kyau. Amin.